Masana'antarmu na da rizista a kan nutural, kaya na ta ƙonewa: mu cire ta?

Tambayar ta fito ne daga wani matashin ma'aikacin lantarki ɗan Aboabo, wanda ke aiki a wata masana'antar roba a yankin Kaase, nan Kumasi. Ya ce suna da taransifoma nasu na kansu, kVA 1000, mai sauke wuta daga bolt 11,000 zuwa 433, kuma a farantinsa an rubuta Dyn11, alamar yadda aka haɗa koyil ɗinsa. Nutural ɗinsa bai tafi ƙasa kai tsaye ba, ya bi ta cikin wani akwatin rizista da aka rubuta wa amfiya 5. Tun shigowar damina aresta, wato na'urar kare kaya daga tsawa da hawan wuta, ke ƙonewa a babban fanel, VFD biyu, wato na'urorin sarrafa gudun moto, sun mutu, ƙaramin taransifoma mai kVA 50 da ke ba ofis da fitilu wuta ya ƙone, an kai Magazin, unguwar masu gyare-gyare ta Kumasi, an sake naɗa shi, ya dawo yana zafi kamar da. Ƙwan fitila da kwamfutoci ma sun tafi a ofis. Masta ɗinsa ya ce a cire rizistar a ɗaure nutural da ƙasa a huta. Yana tambaya ko hakan daidai ne.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ku taɓa rizistar nan tukuna. Daga abin da ka lissafo, ita ce kaɗai ke yin aikin da aka ɗauke ta ta yi. Abin da nake zargi shi ne akwai fes ɗaya da ke taɓa ƙasa a wani wuri cikin masana'antar, ya daɗe a haka babu wanda ya bi sawunsa, sannan an haɗa kayan da aka ƙera don tsarin da nutural ke ɗaure da ƙasa kai tsaye a kan tsarin da ba haka yake ba. Mafi munin su shi ne ƙaramin taransifoman nan.

Bari mu fara da abin da rizistar ke yi, don komai daga nan ya taso. A gidajenmu da shagunanmu, inda wutar ECG, kamfanin rarraba lantarki na Gana, ke shigowa daga taransifoman unguwa, nutural ɗaure yake da ƙasa. Idan fes ya taɓa jikin inji, wuta mai yawa ce ke gudu, fiyus ya tsinke ko bireka ta faɗi nan take. A wurinku an sa wa wannan hanya takunkumi. Tsakanin fes da nutural akwai bolt 240 zuwa 250, rizistar kuma om 48 zuwa 50 ce, to ka raba ka gani: amfiya 5. Ko fes ya manne da ƙarfe sosai, abin da zai bi ta ƙasa bai wuce haka ba. Babu tartsatsi, babu faɗuwar bireka, injin na ci gaba da aiki. A masana'antar roba wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ka fi ni sanin wahalar da ake sha idan wuta ta ɗauke roba ta daskare a cikin bututun inji.

Amma akwai farashin da ake biya. Lokacin da fes ɗaya ya zauna a kan ƙasa, shi ne ya zama sifili. Nutural ya tashi sama da ƙasa da bolt 240. Sauran fes biyun, waɗanda a da suke bolt 240 tsakaninsu da ƙasa, yanzu sun koma 415, wato ninki 1.73. Tsakanin fes da fes kuwa babu abin da ya canja, 415 ne kamar kullum, shi ya sa moto ba ya jin komai, kuma mitar da ke gaban fanel ba ta nuna komai idan fes da fes take aunawa. Duk wani abu da ƙafarsa ɗaya ke kan fes ɗayar kuma ke kan ƙasa, shi ke shan wahalar. Kuma ba na daƙiƙa ɗaya ba, na tsawon lokacin da laifin ya zauna, ko awa ne, ko mako.

Yanzu je ka ɗauko arestocin da suka ƙone ka karanta jikinsu. Za ka ga an rubuta Uc, da wata lamba a gabansa. Ina kyautata zaton 275 za ka gani, domin shi ne ya cika kasuwa, kuma daidai yake a gidan da nutural ke ƙasa. Lambar na nufin iyakar wutar da zai iya ɗauka dare da rana ba tare da ya fara zubar da ita ba. Ka ɗora masa 415, sai ya fara wucewa da wuta kaɗan-kaɗan, ya yi zafi, zafin ya ƙara buɗe shi, har ya dahu. Ga wata alama da za ta raba maka gardama da masu cewa tsawa ce. Idan cikin ukun biyu ne suka ƙone ɗaya na nan lafiya, to lafiyayyen yana kan fes ɗin da ya taɓa ƙasa ne, shi ya sa ya tsira. Tsawa ba ta yin irin wannan zaɓe, kuma tana fasa abu ne farat ɗaya, ba ta barin robar jikinsa ta narke a hankali. Arestan da ya dace da ku shi ne wanda Uc ɗinsa ya haura wutar fes da fes, 440 ko sama, irin wanda masu ƙerawa ke rubuta wa tsarin IT, wato tsarin da nutural bai ɗaure da ƙasa kai tsaye ba. Tunda taransifomanku 433 yake bayarwa idan babu lodi, ni zan fi natsuwa da wanda ya ɗara 440.

VFD ma labarin ɗaya ne. Ɓangaren da ke mayar da wuta DC ba ruwansa da ƙasa, fes da fes yake gani. Amma a bakin shigar wuta akwai matata mai rage hayaniyar lantarki, da kafasitoci ƙanana da baristoci, wato ƙananan aresta, da aka haɗa tsakanin kowane fes da jikin akwatin. Su ne ke fashewa. Masu ƙerawa sun san da haka, shi ya sa yawancin VFD ke zuwa da sukuru ko ɗan ƙarfen haɗi da littafin ya ce a cire idan nutural bai ɗaure da ƙasa kai tsaye ba. A wasu na ABB za ka ga sukuru biyu, ɗaya EMC ɗaya VAR. A wasu na Schneider ɗan maɓalli ne da ake turawa zuwa IT. Kowanne ka bi littafinsa, kada ka yi kwatance da na wani kamfani. Kuma ka buɗe waɗanda ba su mutu ba tukuna ka duba, don suna layi ne kawai.

Akwai dalili na biyu na cire su. Kowane kebul da kowane moto na da ɗan kafasitans tsakaninsa da ƙasa, kuma ƙa'idar zaɓen rizista ita ce wutar da take bari ta wuce kada ta gaza jimillar wutar da wannan kafasitans ke ja. Littafin ƙa'idojin haɗa tsari da ƙasa na injiniyoyin lantarki, IEEE 142, ya yi bayanin wannan. Idan ta gaza, laifin da ke kamawa yana saki, irin na waya mai tartsatsi cikin danshi, zai iya tara wuta a kan tsarin har ninki biyar ko shida, rufin moto ya fara hujewa ɗaya bayan ɗaya. A masana'anta irin taku kebul da motoci kaɗai ba sa kaiwa amfiya 5, amma idan aka yi ta ƙaro VFD kowanne da matatarsa a haɗe, lissafin da mai zanen farko ya yi sai ya rushe.

To, ƙaramin taransifoma. Nan ne nake so ka zauna sosai, don ina ganin nan gizo ke saƙa. Ba ka faɗa mini yadda aka haɗa shi ba, kuma wanda ya sake naɗa shi a Magazin ba lallai ya tambaya ba, shi dai an kawo masa koyil ya ƙone ya mayar da shi yadda ya same shi. Buɗe murfin ka ƙirga tashoshin ɓangaren da wuta ke shiga. Idan uku ne, dalta ne, wato koyil uku haɗe baki da baki kamar alwatika, ko sita, wato koyil uku da suka haɗu a tsakiya ɗaya, mai ɓoyayyen tsakiya. Idan huɗu ne, sita ne, sai ka bi waya ta huɗun ka ga inda ta tafi.

Idan ta tafi ƙasa, ga abin da ke faruwa. Kowane koyil na shiga yana tsakanin fes da ƙasa, an naɗa shi don bolt 240. Ranar da fes ja ya taɓa ƙasa a can wajen wani inji, koyil ɗin ja ya rasa wuta, sauran biyun suka sami 415. Ƙarfen taransifoma ba ya ɗaukar irin wannan ƙari, ko kashi goma cikin ɗari ya fara yi masa yawa balle saba'in da uku. Sai ya ƙoshi, ya riƙa jan wuta mai yawa, yana gurnani yana zafi. Wutar nan kuma ba ta bi ta rizista ba: ta fito daga lafiyayyen fes, ta ratsa koyil, ta shiga ƙasa, ta koma ta wurin laifin. Takunkumin amfiya 5 bai shafe ta ba. Idan ɓangaren fita ma sita ne, abin da ya shiga shi zai fito, wani layin ofis ya dushe, sauran biyun su haura sama da abin da ƙwan fitila da kwamfuta za su jure. Wannan ya yi daidai da abin da ka ba ni labari.

Idan kuwa shiga sita ne mai ƙasa, fita kuma dalta, ko akwai wani koyil na dalta a ciki, abin ya fi haka muni. Irin wannan haɗi shi ne ainihin yadda ake ƙera taransifoman da aikinsa samar wa tsari hanyar ƙasa. Wato kun kafa wa masana'antar ƙasa ta biyu ba ku sani ba, mara rizista. Ɗan kVA 50 wutar da aka yi shi dominta kusan amfiya 70 ce. Idan imfidans ɗin da ke farantinsa, wato ma'aunin yadda yake tauye wutar laifi, kashi 4 cikin ɗari ne, to laifi mai ƙarfi zai iya neman ya ja masa har ninki 25 na wannan, sai dai abin da kebul da wurin laifin suka rage. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Ko fiyus ɗinsa ya yi ta tsinkewa ba ku san dalili ba, ko, idan laifin mai rauni ne, wuta ta yi ta zagaye cikin daltan tana dafa shi a hankali. Har sita da sita mai ƙarfe ƙafa uku yana yin kaɗan daga wannan hali, sai ka ji jikin akwatinsa ya fi koyil ɗin zafi.

Wataƙila kuma wayar ta huɗu ba ƙasa ta tafi ba, an jawo ta ne daga nutural ɗin babban taransifoma, saman rizista. A nan koyil ba zai ga 415 ba, amma sai ka duba ko an gama ta da nutural ɗin fita, wanda shi kuma aka ɗaure da ƙasa a fanel ɗin ofis. Idan haka ne an tsallake rizistar da waya, tana nan a akwatinta amma ba ta aikin komai. Idan kuma tsakiyar sitan a sake take ba ta tafi ko'ina ba, to ba za ta yi faɗa da rizista ba, sai dai lodin ofis da ba ya daidaita tsakanin layuka uku zai riƙa jan tsakiyar gefe guda, wuta ta yi ƙasa a wani layi ta yi sama a wani.

Haɗin da ya dace guda ɗaya ne: dalta a shiga, waya uku kawai babu nutural, sita a fita, tsakiyarsa a ɗaure da ƙasa kai tsaye, kuma ya zama taransifoma mai koyil biyu rababbu. Dalta fes da fes yake gani, saboda haka ko fes ya kwana a ƙasa bai sani ba. Ɓangaren fita ya zama sabon tsari mai cin gashin kansa, 240 ɗinsa a tsaye, laifin ofis ya tsaya a ofis. Kada wani ya sayar muku da oto-taransifoma don ya fi araha, koyil ɗinsa ɗaya ne, duk abin da ke sama zai sauko. Dalilin nan ne ma ya sa ban ɗora wa wutar da ke shigo muku laifi ba: babban taransifomanku dalta ne a ɓangaren 11,000, laifin ƙasa na can waje ba ya ratsowa ya ɗaga muku nutural.

Duk wani lodi na bolt 240 daga wannan taransifoma ya kamata ya sha, ba daga babban fanel ba. Ka kula da hitocin da ke naɗe a bututun injin roba. Wasu na 240 ne, kuma masu gyara kan ɗauki fes ɗaya su ɗaure ɗayar wayar a jikin inji ko a sandar atin idan ba su ga nutural ba. A tsarinku wannan kansa laifin ƙasa ne da aka ɗaura da hannu. Ko ba a yi haka ba, hitocin nan su nake fara zargi a masana'antar roba, domin zafi na cinye rufinsu, narkakkiyar roba na zubo musu, kuma idan inji ya huce a damina suna shan danshi. Bayansu sai famfon rijiyar burtsatse da akwatunan haɗin kebul da ke waje.

Ga yadda za ka bi abin. Wuta na nan, da safar hannu da mita mai kyau, auna kowane fes da sandar atin a babban fanel, sannan ka duba wutar da ke kan rizista. Tsari mai lafiya zai ba ka kusan 240 sau uku, rizista kuma 'yan bolt kaɗan. Idan ka ga sifili, 415, 415, da 240 a kan rizista, laifin ya kama sosai. Idan ka ga kamar 60, 365, 365, ya kama rabi, ta cikin danshi ko gawayin da tartsatsi ya bari, ko kuma yana can tsakiyar koyil ɗin wani moto. Sa kilam mita, wato mitar da ke rungume waya ta auna amfiya, a wayar rizista. Idan nutural ya tashi 240 amma wayar ba ta ɗauke da komai, rizistar ta tsinke, kuma wannan ya fi komai gaggawa don tsarin ya zama mara ƙasa gaba ɗaya. Wurin da take aiki ba mai sauƙi ba ne: da laifi a kanta tana ƙona kusan wat 1,200 ba hutawa, ga ƙurar hunturu, ga ruwan sama, ga ɓera.

Neman inda laifin yake kuwa, ka rungume fes uku na kowane layi a cikin kilam ɗin lokaci guda, ban da wayar atin da sulken kebul. Layi mai lafiya kusan sifili zai nuna, mai laifi zai nuna abin da ya kusa amfiya 5. Duba ko akwatin rizistarku na da maɓallin bugun wuta, wanda ke sa wutar laifin ta riƙa hawa da sauka, don da shi allura ke rawa a kan layin da ake nema kaɗai. Idan babu, sai a kashe layuka ɗaya-ɗaya ana kallon wutar rizista. Idan laifin na zuwa ne kawai lokacin da wani inji ya tashi, yana bayan kontakta ko bayan VFD ɗinsa. Na bayan VFD yakan ruɗa mita mai araha, saboda wutar ba 50 take kaɗawa ba.

Gwajin da zai fallasa ƙasa ta biyu sai an kashe komai. A buɗe ɓangaren 11,000 ta hannun wanda ke da izinin yin haka, a kulle, a kulle janareta ma, a tabbatar babu wuta. Kada ka kuskura ka kwance wayar rizista da wuta a tsarin. Bayan an kashe, cire nutural daga rizista ka auna ta ita kaɗai, ka nemi om 48 zuwa 50. Sannan, nutural na a sake, birekoki na rufe, auna tsakanin basba, wato sandunan da ke raba wuta a fanel, da ƙasa da mita ta hannu. Ya kamata ka ga a buɗe. Idan ka ga om kaɗan, yi ta buɗe birekoki har ya ɓace, wanda ya ɓatar da shi shi ne mai ɗauke da ɓoyayyar hanyar. Mega kuwa, wato mitar gwada rufin waya da wuta mai ƙarfi, sai ka cire VFD da aresta da duk wani kati na lantarki kafin ka harba, in ba haka ba kai ma ka ƙara musu gawa.

Kada ka manta janareta. Tun shekarun dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta a Gana, wajen 2012 zuwa 2016, kusan babu masana'antar da ba ta girke ɗaya ba, kuma yawancinsu suna zuwa da nutural a ɗaure da jikinsu. Idan aka kai nutural ɗin janareta da na taransifoma kan sanda ɗaya a canjoba, wato makunnin sauya wutar gari da ta janareta, mai ƙafa uku, an tsallake rizista dare da rana. Idan ba a gama su ba, to kuna da tsari iri biyu, ɗaya a kan wutar gari ɗaya a kan janareta, kuma rile ɗin, wato na'urar gano laifin ƙasa, da aka saita don amfiya 5 ba zai fahimci na biyun ba. Janareta na buƙatar rizistarsa, ko a yi wa basba ɗin hanyar ƙasa guda ta taransifoman zigzag wadda za ta yi wa duka biyun aiki. Ƙananan taransifomomin awo da ke tsakanin fes da ƙasa su ma ka karanta farantinsu, wanda ya dace da tsarin da ba ya kashe kansa shi ne mai 1.9 na awa 8, wato mai jure ninki 1.9 na wutarsa har awa takwas.

Maganar Masta kuwa, ba shirme ya faɗa ba, ka gaya masa haka cikin ladabi. Ɗaure nutural da ƙasa tsari ne karɓaɓɓe, shi ne ma aka fi sani a ƙasar nan, kuma da an yi shi aresta da VFD za su daina mutuwa ta wannan hanya. Sai dai ba aikin waya ɗaya ba ne. Taransifoma mai kVA 1000 a bolt 433 wutarsa kusan amfiya 1,330 ce, idan farantinsa ya ce imfidans kashi 5 cikin ɗari ne, laifi a kusa da shi zai iya kaiwa wajen amfiya 26,000. Wayoyin atin da aka ja da tunanin amfiya 5, da rile, da saitin birekoki, duk sai an sake lissafa su, kuma laifin da ke kwance yanzu zai tashi da wuta a daƙiƙar da aka mayar da lantarki. Aiki ne na injiniya da ma'aikacin da ke da lasisin Hukumar Makamashi na ajin masana'antu, kamar yadda dokar haɗa wayoyi ta 2011, L.I. 2008, ta tanada.

Ra'ayina shi ne ku bar rizistar, da sharaɗi. Tsarin nan an gina shi ne a kan cewa idan ƙararrawa ta yi kuka wani zai tashi ya nemo laifin a ranar. Ka duba taku, ban yi mamaki ba idan ka tarar an cire mata waya don ta dami mutane, ko fitilarta ta mutu tun bara. Barin laifi na farko ya kwana yana gayyato na biyu a wani fes, kuma ranar da suka haɗu wuta za ta bi ta jikin injuna biyu da wayar atin da ƙarfin fes da fes, rizista ba ta cikin hanyar. Idan masu masana'antar ba za su ajiye mai lantarki a kowane zubin aiki ba, a saita rile ɗin ya kashe layin da ke da laifi bayan wani lokaci da kuka yarda da shi, a kuma ƙara na'urar da ke sa ido kan lafiyar rizistar kanta. Kafin nan, ƙaramin taransifoman ya zauna a kashe har ka ga inda wayarsa ta huɗu ta tafi, ofis su yi haƙuri da wata hanyar na 'yan kwanaki. Ka turo mini abin da ka karanta a fes ukun da hoton farantinsa.